Rumbun wasiƙun Van Gogh a intanet: abin da na tarar a cikinsa

Abin da yawancin mutane suka sani game da Vincent van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, bai wuce abu biyu ba, wato ya yanke kunnensa kuma ya mutu cikin talauci. Ni ma da wannan ɗan guntun sanin na shiga rumbun wasiƙunsa da ke intanet, wanda gidan tarihin Van Gogh na Amsterdam da cibiyar bincike ta Huygens suka buɗe a shekarar 2009 bayan aikin shekara 15. Kyauta ake karanta shi, kuma a lokacin da aka buɗe shi yana ɗauke da wasiƙu 902, 819 daga hannun Vincent, sauran 83 kuwa shi aka aika wa.

Tsarin rumbun shi ne ya fara burge ni. Kowace wasiƙa tana da lambarta da ranarta da garin da aka rubuta ta, kuma mai karatu yana iya jera hoton ainihin takardar, da rubutun a harshensa na asali, da fassarar Ingilishi, duk a gefen juna. Idan Vincent ya ambaci wani zane, nasa ne ko na wani, to akwai hoton zanen a maƙale, idan kuma ya ambaci wani mutum, bayanin da editoci suka yi zai gaya maka ko wane ne shi. Wannan jeri yana son babban allo, saboda haka na fi ba da shawarar a buɗe shi a kwamfuta maimakon waya.

Wasiƙar da na fi daɗewa a kanta ita ce wadda ya aika wa ƙaninsa Theo daga garin Arles na kudancin Faransa a watan Oktoban 1888, inda ya zana ɗakin kwanansa da alƙalami. Ga gado, ga kujeru biyu, ga taga, sai kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin launin da zai sa wa kowanne: bango shunayya mai haske, daɓe ja, gado da kujeru rawaya irin ta sabon man shanu, bargo ja wur, taga kuma kore. Ya bayyana cewa burinsa shi ne zanen ya sa wa mai kallo natsuwa da tunanin hutu. Duk wanda ya karanta wannan ya san ba aikin gigita ba ne, aikin mutum ne da ya auna kowane launi kafin ya taɓa fenti, alhali wata biyu kacal ya rage kafin saɓaninsa da abokinsa mai zane Paul Gauguin da abin da ya biyo baya na yanke kunne a watan Disamba.

A nan ne nake ganin darajar rumbun take. Ciwon da ya same shi gaskiya ne, kuma wasiƙun da ya rubuta daga asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy, inda ya zauna daga Mayun 1889 zuwa Mayun 1890, ba su ɓoye komai ba. Sai dai mutumin da ke magana a cikinsu makaranci ne da ya ƙoshi da littattafan Dickens da Zola, mai nazarin ayyukan masu zane irin su Millet da Delacroix da Rembrandt, wanda ya yi aiki a kamfanin dillancin zane-zane a Hague da Landan da Paris, ya kuma yi wa'azi a tsakanin masu haƙar kwal a yankin Borinage na Beljiyam, kafin ya rungumi zane a 1880 yana da shekara 27. Shekara goma kacal ya yi a sana'ar. Wasiƙun suna cike da lissafin kuɗin fenti da na haya da godiya ga Theo kan abin da yake aiko masa, kuma na yarda maimaita wannan batu yana iya gundurar mai gaggawa, amma a wurina nan ne ake ganin nauyin da ƙanin ya ɗauka ba tare da ya kasa ba.

Akwai abin da ya kamata mai shiga ya sani tun da wuri. Wanda ba ya jin Ingilishi, ko Faransanci, ko harshen mutanen Holan, ba zai amfana da komai ba sai hotuna. Haka kuma muryar Theo ba ta fito sosai ba, domin shi ya adana wasiƙun wansa, amma nasa kaɗan ne suka tsira, ta yadda mai karatu yakan ji kamar yana sauraron ɓangare ɗaya na hira. Rumbun kuma ba tarihin rayuwa ba ne da aka tsara babi-babi, don haka na ga ya fi sauƙi mutum ya fara da wasiƙun Arles, sannan ya koma baya zuwa ta farko, ta 1872.

Ba zan rufe ba sai na ambaci matar da ta sa takardun nan suka kawo gare mu. Vincent ya rasu ranar 29 ga Yulin 1890 a Auvers-sur-Oise yana da shekara 37, Theo kuma ya bi shi bayan wata shida, ya bar matarsa Johanna Bonger da jariri da tarin zane-zanen da a lokacin kasuwarsu ba ta buɗe ba. Ita ce ta yi ta kai su wuraren baje koli, ta zauna ta jera wasiƙun, ta buga su a 1914. Jaririn nan kuwa, wanda aka raɗa wa sunan Vincent Willem, shi ne ya girma ya miƙa tarin ga wata gidauniya, har aka buɗe gidan tarihin a 1973, inda yawancin ainihin wasiƙun suke a ajiye yanzu.