Tankin Lomo da wankin fim ɗin Super 8 a gida: abin da na gani bayan naɗi takwas

Kyamarar ta marigayi kawuna ce, ƙaramar Super 8, mai ɗaukar hoto mai motsi a kan siririn fim mai faɗin milimita 8, da na tsinta a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin wani tsohon rawani. Na sa mata batir huɗu, sai kuwa ta kama kirrr kamar jiya aka ajiye ta. Samun fim bai gagara ba, domin har yau kamfanin Kodak, wanda ya fito da Super 8 a 1965, yana yin Tri-X baƙi da fari. Wani abokina ne ya taho min da shi daga Ingila. Inda gizo ke saƙa shi ne wanki. Na zaga wuraren masu hoto a Kano, wasu ma dariya suka yi min. Aika shi Turai kuwa, kuɗin zuwa da dawowa ya isa ya sayi wani fim ɗin, ga fargabar ɓata a hanya. Shi ya sa na sayi tankin wankin fim na Lomo UPB-1A, kuma yanzu da na wanke naɗi takwas a cikinsa ina ganin na isa in ce wani abu.

Tankin tsohon kayan Tarayyar Sobiyet ne, daga masana'antar LOMO ta Leningirad, birnin da yanzu ake kira San Fitasbag. An daɗe da daina yin sa, don haka duk wanda za ka samu na hannu ne. Baƙar kwalla ce mai murfi, a cikinta akwai faifai masu layi a murɗe kamar igiyar leko. A cikin wannan layin gefen fim yake zama, yadda kowane zagaye ba zai taɓa na kusa da shi ba, ruwan magani ya ratsa ko'ina. Yana ɗaukar mita 15, daidai tsawon fim ɗin da ke cikin kaset ɗaya na Super 8, kuma in ka haɗa faifan hawa biyu za ka wanke naɗi biyu a tashi guda. Yana karɓar mai faɗin milimita 16 ma, irin wanda 'yan majigi suka riƙa haskawa a ƙofar fada. Wanda ya sayar min ya ce komai lafiya lau, amma da kayan suka iso sai na tarar bututun robar da ake tsiyaye ruwa ya bushe ya tsage. Da bututun injin ba-ruwan kifi na musanya shi. Duk mai niyyar saye ya nemi a nuna masa hoton faifan ɗaya bayan ɗaya, don robarsu ta tsufa, kuma ƙaramar ɓantara a bakin layi ta isa ta hana fim shiga.

Sa fim a faifan nan shi ne jarrabawar. Dole a cikin duhu ƙirin ake yi, ba ka ganin ko tafin hannunka. Ni a sito nake yi bayan Isha, in rataya bargo a ƙofa, in toshe ƙasanta da buhu. Za ka murɗa tsakiyar kaset ɗin baya har ka ji wani abu ya yi ƙas, sannan fim ya yarda ya zaro. Ka maƙala bakinsa a tsakiyar faifai, fuskar da ke da maganin hoto tana kallon waje, ka ɗan karkata shi, ka riƙa juya faifan da ɗaya hannun. In ya hau daidai, za ka ji wani siririn sauti, shuuu, ba yankewa. In ya yi tsalle ya bar layi, sautin zai canza, sai ka warware ka sake. Ranar farko ban san da wannan ba. Gumi ya jiƙa min yatsu, fim yana manne min, na ƙosa na rufe murfi. Da na buɗe bayan wanki, wajen mita uku sun manne da juna, magani bai taɓa su ba, sun fito da dabbare-dabbare kamar an zuba musu koko. Dawakan hawan Daushe ne a wurin.

Wani dattijo da ya shekara talatin yana wankin hoto a Fagge na kai wa kuka. Ya ɗaga fim ɗin ya duba a hasken ƙofa, ya ce, "Yaro, sau nawa ka gwada da rana kafin ka shiga duhu?" Na ce, "Baba, ban gwada ba." Ya ce, "To ai ba laifin tanki ba ne. Ɗauki wannan da ka ɓata, ka sa shi sau ashirin ido buɗe, sau ashirin ido rufe, sannan ka dawo mu yi magana." Haka na yi. Yanzu ba na wuce minti huɗu.

Abu na biyu shi ne zafi irin namu, don waɗanda suka rubuta takardar da ke zuwa da magungunan a ƙasar sanyi suke. Yawancin lissafin lokacin wanki an gina shi ne a kan digiri 20. Ruwan da ke saukowa daga tankin saman gidanmu a watan Afrilu ya haura 30 ko da dare. Magani mai ɗumi yana gaggawa, hoto ya yi duhu da tsakuwa-tsakuwa, fatar fim ɗin kuma ta yi laushi. Dabarata ita ce babbar roba da ruwan randa da ƙanƙarar leda, in jera kwalaben magani a ciki da ma'aunin zafi, har shi kansa tankin in tsoma gindinsa. Ruwan ɗauraya ma dole ya zo kusa da haka, domin in ka fito da fim daga sanyi ka watsa masa ruwan ɗumi, fatarsa na iya yamutsewa. Uwargida ta ce tunda take ba ta taɓa ganin wanda ke saya wa kwalba ƙanƙara shi yana shan ruwan zafi ba.

Hanya mai sauƙi ita ce ka wanke shi nagatif, dodon hoto ke nan, inda fari ke komawa baƙi. Hodar D-76, maganin da ke fito da hoto, nake damawa, kusan lita ɗaya ga naɗi guda, minti 7 ina juya sandar murfi a hankali, sai ɗauraya, sai fiksa, maganin da ke zaunar da hoto kada haske ya ɓata shi, sai dogon wanki. Daga baya a ɗauke shi zuwa kwamfuta a juya. Wannan ban taɓa samun matsala da shi ba tun bayan naɗin farko.

Amma Tri-X an yi shi ne don a juya shi tun a wanki, ya fito hoto sosai wanda za a ɗora a majigi, kuma nan ne daɗin yake, nan ne kuma wahalar. Bayan maganin farko, wanda na yi da Dektol, sai a zuba ruwan famanganet mai ɗan asid, shuɗi-ja kamar zoɓon da ya yi kauri, ya cinye azurfar jikin fim da ta riga ta yi baƙi. Sai wani ruwan ya share tabonsa. Sannan a yi abin da hankali ke ƙi: a buɗe murfi a haska wa fim ƙwan lantarki. Da na ɗaga faifan a karon farko, fim ɗin fari-fari ne kamar madara, ga hotunan suna leƙowa a dishi-dishi. Ina mayar da shi cikin magani na biyu, a kan idona ya fara baƙi, fuskoki suka fito. Famanganet yana tausasa fatar fim ƙwarai, kuma a naɗi na huɗu, da ƙanƙara ta ƙare min a tsakiyar aiki, na ga hoton yana saɓulewa yana yawo a ruwa kamar fatar wake. Safar hannu wajibi ce a nan, taga a buɗe, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a yin akasin haka. Yara kuwa kada su kusanci wurin.

Shanya ma da nata rigimar. Mita 15 ba wasa ba ne a ɗaki ɗaya. Igiya nake ɗaurawa daga ƙusa zuwa ƙusa in lanƙaya shi. Lokacin hunturu ruwa yana yin sanyi da kansa, har ka ji daɗi, sai dai ƙura tana zama a jiƙaƙƙen fim ta bushe a ciki, kuma hoton da bai kai milimita 6 a faɗi ba, in majigi ya faɗaɗa shi a bango, ƙwayar ƙura ɗaya sai ta zama dutse. Ina yayyafa ruwa a ƙasa in rufe ɗakin ruf. Watan Agusta ya fi min kowane lokaci, ko da yake bushewar tana jan rai.

Shin ya biya kuɗinsa? A wurina, tun a naɗi na biyar. Wanda kaset ɗaya ko biyu kawai zai ɗauka ya huta, ya aika waje a wanke masa, don kuɗin tanki da magani da ƙanƙara da fim ɗin da zai ɓata wajen koyo sun fi haka. Kuma kada a sa ran tsabtar injin kamfani: nawa akwai ɗan ƙarce nan da can, wani wuri haske yana rawa. Tankin dai bai taɓa barin haske ya shiga ba, bai kuma taɓa yoyo ba tun da na canza bututun.

Naɗi na shida shi ne na Hajiyarmu tana sheƙar gero a tsakar gida. Kaset ɗaya minti uku da daƙiƙa ashirin ne in ana ɗaukar hoto 18 a daƙiƙa, ba kuma sauti. Na rataya farin zanen gado a zaure, na kunna majigin da na aro. Ta kalla shiru har fim ya ƙare yana kaɗa jela, sannan ta ce, "Kai, ashe haka na tsufa? Mayar da shi baya in ga kazar nan da ta gifta."