Sharhi kan na'urar ɗaukar hoton bayan ido mai saita kanta

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton bayan ido ya san danna maɓalli ba komai ba ne, wahalar a saiti take. Hasken na'ura da ganin kyamara dole su bi ta 'yar ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido, kamar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli. Ka kauce kaɗan, sai baƙar inuwa ta cinye gefen hoton, ko farin haske ya wanke shi.

Da ƙaramar kyamarar hannu nake aiki a da, a ɗakin duba masu ciwon suga. Hannuna na rawa, idon majiyyaci na yawo, ga mutane cike a benci suna jira. Yanzu Topcon TRC-NW400 ce a gabana, kuma a kan saiti kaɗai zan yi magana, don shi ya dame ni.

Majiyyaci ya ɗora haɓa ya jingina goshi, ni kuma na taɓa tsakiyar idonsa a allo. Daga nan na'urar ke matsawa da kanta, gaba da baya, hagu da dama, ta daidaita, ta ɗauka, ta koma ɗaya idon. Da hasken infrared take neman idon, wanda mutum ba ya gani, don haka ƙofar ba ta tsukewa kafin filasha ta tashi. Faɗin hoton digiri 45 ne, ya isa a ga kan jijiyar gani da tsakiyar gani tare. Ma'aikaciyar jinyar da ke taya ni ba ta taɓa riƙe irin wannan kyamara ba, amma ba ta jima ba ta fara fitar da hotunan da likita ke karantawa ba tare da ya dawo mana da su ba. Wannan kaɗai ya biya ni.

Sai dai kada wani ya ɗauka na'ura ta raba shi da aiki. Tana son ƙofar ido ta kai milimita 4, ko 3.3 in an sa tsarin ƙaramar ƙofa. To, tsofaffi da waɗanda suga ya daɗe a jikinsu, su ne ƙofarsu ba ta buɗewa sosai, kuma su ne akasarin masu zuwa. Dole na sa baƙin labule a taga, nake zaunar da su cikin duhu 'yan mintoci. In an ɗauki ido ɗaya, filasha kan tsuke ɗayan ma, sai an ɗan saurara. Wanda idonsa ya ƙi buɗewa sai a ɗiga masa tropicamide, maganin buɗe ƙofar ido, bayan an duba shi. Mai yanar ido kuwa, komai kyan saiti, hazo za ka samu.

Akwai kuma ɗigon haske a ciki da ake cewa mutum ya kalla. Wanda tsakiyar ganinsa ya lalace ba ya ganinsa sam. "Baba, kalli hasken nan," sai ya ce, "Wane haske, ɗana?" Irinsu na koma sa su bin 'yar fitilar da ke wajen na'urar da ɗaya idon. Fatar ido da ta sauko sai na ɗaga da yatsa a hankali. Hula da rawani ma suna hana goshi manna wa madogari, kuma da zarar goshi ya ja baya, tazara ta ɓaci. Na koyi roƙon dattawa su ɗan tura hular baya, cikin ladabi, kafin mu fara.

Ba na'urar yawo ba ce, tebur take so da wuta tsayayya, mu ma a kan inbata muka ɗora ta. In aikinku fita ƙauyuka ne, ta hannu ce taku, ku dai koyi dafa hannu a goshin majiyyaci. Amma asibitin da ke duba idon masu suga kullum, kuma ma'aikata na sauyawa, ina ganin kuɗin da aka zuba a wannan ba asara ba ce.