Baƙin fayif ko farin fayif: wanne za a yi ƙafar tanki da shi?

Idan ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna neman fayif, iri biyu za a nuna maka. Asalinsu ɗaya ne, ƙarfe mai ƙarancin kabon, wanda bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, shi ya sa yake lanƙwasuwa ba ya tsagewa. Bambancin kawai, farin an tsoma shi cikin narkakken zinki, wani ƙarfe da ke kare shi daga tsatsa.

Baƙin ya fi araha, kuma masu walda sun fi son sa, don yana kama wuta lafiya lau. Amma fa tsatsa ba ta raga masa. In ba a goge shi an shafa masa jan fenti ba, damina biyu ta Kaduna ta isa ka ga gindinsa yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ga tanki mai lita 1,000, ruwansa kaɗai tan guda ne a kan ƙafar.

Farin yana jure ruwa, sai dai tsada. Wajen walda kuma yana tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, inda aka ƙona zinkin ma sai an bi da fenti.

Ni dai baƙi mai kauri nake ɗauka, in riƙa sabunta fentinsa kafin ruwan Agusta.