GARGAƊI: Naira miliyan 16 da dubu 750 na zuba a kan motar da ban taɓa ɗora wa hannu ba

Assalamu alaikum. Sati uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda kunya. Yau dai na ce ko me za a ce a ce, don jiya da daddare na ga mutumin da ya damfare ni ya buɗe sabon shafi a Facebook da wani suna, ya ɗora hoton motar nan, ita ɗin dai, farar Fiat Ducato mai gado a ciki, yana neman mai saye. Motar da na biya kuɗinta. Naira miliyan 16 da dubu 750. Ban yi barci ba har aka kira asalatu.

Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo nake saye. Shekara 19 ina wannan harka, kuma kafin wannan ba a taɓa cin kuɗina haka ba. Ina faɗa ne saboda na san akwai masu cewa kwaɗayi ne ya ja ni. Wane kwaɗayi? Idan kaka ta yi, nakan yi kwana huɗu biyar ina zagayen ƙauyukan Jigawa, ranar Alhamis in kwana a Maigatari, in kwanta a shagon mutane ko a bayan mota, kuɗi a jikina, ga ciwon baya da likita ya ce in kiyaye. Shi ya sa da na ga irin motocin nan da Turawa ke yawon hutu da su, bas ce amma a ciki akwai gado da ɗan firji da wurin dafa shayi da tankin ruwa, na ce wannan ce maganin matsalata. Ba don gayu ba ne. Aiki zan yi da ita.

Takardar inshorar ce ta kashe ni. Zan dawo kanta.

Mutumin Bahaushe ne, ko dai mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ce shekararsa 11 a Beljiyam, yana harkar motoci a unguwar Heyvaert a Brussels, inda 'yan Afirka ta Yamma ke hada-hadar motocin da ake turowa Kwatano da Legas. Wannan unguwar gaskiya ce, duk wanda ya san harkar tokumbo ya san sunanta, na kuma tambayi dillalai biyu a nan Kano suka ce ƙwarai akwai ta. To ku gaya min, wanda ya yi wannan tambayar za a ce bai yi bincike ba?

Ranar da ya kira ni a bidiyo ita ce ba ta fita daga kaina. Ina zaune a ƙofar sito bayan La'asar. Ya buɗe ƙofar gefen motar, ya shiga, ya ɗaga katifar ya nuna min ma'ajiyar da ke ƙarƙashi, ya buɗe firjin, ya tayar da injin na ji ƙararsa da kunnena. Ya ce, "Alhaji, ga gadonka nan, daga bana ka daina kwana a tabarmar mutane." Na ce masa, "Malam, nuna min lambar shasi." Bai yi gardama ba, ya kai kyamarar gindin gilashin gaba, na kwafe harufa da lambobi 17 ɗin a bayan rasit. Sai ya ce in yi masa uzuri zai je ya yi Azahar kafin lokaci ya fita, aiki ya sha masa kai. Wallahi a nan ne hankalina ya kwanta. Na ce mutumin da ke ƙasar Turawa yana kiyaye salla haka ba zai ci haƙƙin ɗan uwansa ba. Kullum sai na sake jin muryar nan. "Alhaji, ga gadonka nan." Motar tana nan, injin yana aiki, lambar shasin daidai take. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: ta wa ce? Ban ce ya nuna min takardar mallaka da sunansa ko rasit ɗin wanda ya sayar masa ba. Yanzu na fahimci ko ni in na shiga filin dillalin motoci zan iya roƙon makulli in yi wa wani bidiyo.

Kuɗin motar naira miliyan 11 da dubu 400. Na so in je Wapa in sayi Yuro in tura masa can, ya ce a'a, kar in wahalar da kaina da canji, yana da abokin harka a Legas, in zuba naira a asusunsa su sai su daidaita. Na tura kashi biyu. Sai kuɗin jirgi miliyan 2 da dubu 600, wannan kuma wani asusun daban, da sunan mace. Na tambaya, ya ce matar abokin ce, asusun mijin ya kai iyakar abin da zai karɓa a rana. Na yarda. Na san za ku ce a nan ya kamata in farga. Amma wa ke cikin kasuwa bai taɓa tura kuɗi asusun matar wani ko ƙanin wani ba? A Dawanau kullum ana yi.

A'a, na tsallake wani abu. Kafin kuɗin jirgin ne ya kawo maganar inshora, domin ni da kaina na ɗaga ta. Ni na tambaya! Na ce masa idan jirgi ya nutse fa, ko aka fasa motar a tasha aka kwashe firji da batir, wa zai biya ni? Ya yaba min, ya ce a cikin masu saye goma da ƙyar ake samun ɗaya mai irin wannan tunanin. Ya ce akwai inshora guda ɗaya da za ta rufe komai, tun daga inda motar take a Jamus, zuwa Brussels, zuwa tashar jiragen ruwa ta Antwerp, kan teku, har ƙofar gidana a Kano, sannan ta ci gaba da aiki shekara guda a kan titin Najeriya. Naira miliyan 1 da dubu 850. Ya turo min hoton wata lambar mota mai jan layi a gefen dama da kwanan wata a jiki, ya ce ita ce lambar fitar da mota daga Jamus, kuma ba a bayar da ita sai da inshora. Wannan ma gaskiya ne, akwai irin wannan lambar. Haka yake yi, ya ɗauko gaskiya guda ya jingina mata ƙarya uku.

Bayan kwana biyu takardar ta zo ta WhatsApp. Shafi uku, da tambari, da hatimi, da sa hannu, da sunana an rubuta daidai, da lambar shasin nan da na kwafe da hannuna. Na buga ta a shagon kwamfuta na sa a leda na ajiye a durowa. Na nuna wa uwargida, na ce ko da wani abu ya faru kuɗinmu ba zai salwanta ba. Saboda wannan takardar na tura kuɗin jirgi ba tare da na sake tunani ba. Saboda ita na yi shiru wata biyu. Miliyan 1 da dubu 850 na biya aka sayar min da kwanciyar hankalin da ya hana ni motsi lokacin da motsin zai yi amfani.

Ƙanina ne ya ja ni, bayan komai ya lalace, muka je ofishin wani kamfanin inshora a nan Kano. Matar da ke wurin ta duba takardar ko minti biyu ba ta yi ba ta ɗago ta ce, "Alhaji, wa ya ba ka wannan?" Ta ce inshorar kaya a kan teku daban, inshorar mota a kan titi daban, ba a cusa su a takarda ɗaya haka. Ta ce kayan da za a shigo da su Najeriya, doka ta ce kamfanin da ke da rajista a Najeriya ne zai yi musu inshora, kuma sunan da ke kan takardata ba ya cikin kamfanonin da NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, ta ba lasisi. Ta buɗe shafin NIID, rumbun da ake shigar da duk inshorar mota ta gaskiya, ta duba, babu komai. Sai ta yi min lissafi. Ƙaramar inshora ta dole ga motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023. Babbar, mai rufe komai, ƙa'idarta tana farawa daga kashi 5 cikin 100 na darajar mota, wato a kan miliyan 11 da dubu 400 kusan naira dubu 570. Ni kuwa na biya miliyan 1 da dubu 850 a kan takardar da aka ƙera a kwamfuta. Ina zaune a gaban yarinyar da ta yi sa'ar 'yata gumi yana zubo min. Ofishin nan daga shagona bai kai tafiyar minti 20 ba. Minti 20.

Ya ce jirgi zai yi sati uku zuwa huɗu kafin ya iso Tin Can a Legas. Ya turo takardar lodin jirgi. Sati huɗu suka wuce, biyar, shida. Yau ya ce cunkoso ne a tasha, gobe ya ce jirgin ya tsaya a Dakar. Kuma yana ɗaukar waya, kullum yana ɗauka, har ya riga ni gaisuwar Juma'a, yana tambayar jikin mahaifiyata don na taɓa gaya masa ba ta da lafiya. Wace irin zuciya ce wannan? Ka san kana cin kuɗin mutum, ka ce masa "ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi."

Sai ya zo da sabon labari, wai an sauke motar a Kwatano bisa kuskure, kuma hakan ma alheri ne, don za a biyo da ita ta garin Gaya na Nijar zuwa Maraɗi a shigo ta Jibiya, kuɗin kwastam zai yi sauƙi. Sai dai kuɗin ajiya yana hawa kullum, ga katin inshorar ECOWAS da direba zai riƙe a hanya, in turo dubu 900 kafin Litinin ko a yi gwanjonta. Jama'a, na san tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Na san tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 hanyar Malanville da Gaya, a kan iyakar Benin da Nijar, ta rikice, abokan kasuwancinmu na Maraɗi kullum kukan da suke yi ke nan. Na san duk wannan. Amma mutumin da ya riga ya zuba miliyan 15 da dubu 850, aka ce masa dubu 900 ce tsakaninsa da kayansa, ba da kai yake tunani ba. Na sayar da buhunan zoɓon da na ajiye don farashi ya tashi, na tura. Asusu na uku, suna na uku.

Wannan ranar Asabar ce. Ko Lahadi, don na tuna ba mu fita kasuwa da wuri ba. Ranar Talata lambarsa ta daina shiga. Laraba hoton da ke WhatsApp ɗinsa ya ɓace. Shafin Facebook ɗin ma ya ɓace da duk bidiyoyin da mutanen da ke yi masa godiya a ƙasa, waɗanda yanzu na tabbata shi ne ke rubuta wa kansa.

Wani ejan mai fitar da motoci a Legas, wanda ya kamata in nema tun farko, na tura masa takardar lodin. Ya kira ni cikin awa ɗaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kamfanin jirgin bai san wannan lambar ba. Ka yi haƙuri, babu motar da aka loda da sunanka." Ya ce da na turo masa ranar da aka ba ni, da a ranar zai gaya min. Da kuɗin motar da na jirgin sun riga sun tafi, amma da dubu 900 ɗin nan ta tsira, kuma da na kai ƙara tun kuɗin bai gama watsewa daga asusun ba.

Miliyan 11 da dubu 400. Miliyan 1 da dubu 850. Miliyan 2 da dubu 600. Dubu 900. Ku tara da kanku. A ciki akwai miliyan 3 na yayana da ya ba ni rance ba tare da takarda ba, don ya yarda da hankalina. Har yau bai ce min uffan ba, in mun haɗu sai ya ce, "Ƙaddara ce, Allah zai mayar." Shirun nan nasa ya fi min zafi a kan ya zage ni.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na rubuta wa EFCC, na kai wa banki lambobin asusun uku. An ce kar in saki suna da lambobi a fili tukuna don kar ya ƙara ɓuya, shi ya sa ban sa ba. Amma ina da komai: hirarmu tun ranar farko, saƙonnin murya 60 da wani abu, rasit ɗin turawa biyar, takardar inshorar bogi, takardar lodin bogi, da hoton sabon tallan da na ɗauka jiya. Da zarar lauya ya ba ni dama zan ɗora su ɗaya bayan ɗaya, har da muryarsa, ku ji yadda yake rantsuwa.

Wanda zai sayi mota daga waje, kar ya biya sai wani nasa ya je ya ga takardar mallaka ido da ido. Inshora ka yi ta da kanka a nan gida, a kamfani mai ofis. Takardar lodi ka ba ejan ya duba a ranar. Aka ce ka tura asusun wani, ka tsaya.

Kuma masu turo min saƙo suna cewa za su dawo min da kuɗina in na biya kuɗin aiki, ku ji tsoron Allah, mutum uku ke nan tun da maganar ta fita a kasuwa. Farar Ducato ce, akwai ɗan lotsawa a ƙofar baya ta hagu, labulen ciki ruwan toka. Duk wanda aka yi wa tallanta a kwanakin nan, ko ya riga ya tura wani abu, ya neme ni yau, kar ya bari sai gobe.