Ofishin fassarar da ya koya min aiki da Faransanci

Na karanta Faransanci a jami'a, har zaman ƙauyen koyon Faransanci na Badagry na yi, amma sai da wani ƙaramin ofishin fassara a Kano ya ɗauke ni koyon aiki na san harshen yana ciyar da mutum. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram masu sarin atamfa a Kantin Kwari, Hausa muke yi da su, amma takardunsu na kwastan da Faransanci suke zuwa. Hajiyar da ke kula da mu takan ɗauki jan biro ta bi fassararka layi-layi, musamman wajen lissafin sefa. Kuɗin motar da ofishin ke bayarwa kam ba ya isa, kwamfutocin ma sun tsufa. Duk da haka, ƙanwata ma can zan tura ta.