Gidan tarihin 'yan sandan soja a Mizuri

Ƙanena ne ya ja ni Fort Leonard Wood, a jihar Mizuri ta Amurka. Shi sojan ko-ta-kwana ne: yana aikinsa na farar hula, ya je atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata, da makonni 2 a shekara. Shiga gidan tarihin kyauta ce, amma a cikin barikin soja yake, sai ka nuna katin shaida a ƙofa.

Na daɗe tsaye gaban tsofaffin kaki da ɗamarar hannu mai haruffan MP, wato Military Police, 'yan sandan soja. A 1941 aka kafa rundunar ta dindindin. Da na ɗauka aikinsu kama sojan da ya yi laifi ne kawai, ashe har da tsaron hanyoyin ayari da kula da fursunonin yaƙi. Ƙanen nawa ya ce: "Yaya, wannan na ƙarshen galibi kanmu yake faɗawa." Gaskiyarsa kuwa. Birged ta 800, ta ko-ta-kwana, ita ta riƙe fursunonin Iraƙi a 1991, kuma sojojin da ke ƙarƙashinta ne suka jawo abin kunyar cin zarafin fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi a 2003.

Wurin tsaf yake, awa 2 sun ishe ka. Zan koma da yara.