Chrono Trigger: kaset, DS, waya ko kwamfuta, wanne ya cancanci kuɗinka?

Kamfanin Square ya saki gem ɗin bidiyo mai suna Chrono Trigger a Japan a watan Maris na 1995 a kan na'urar Super Famicom (sunan Super Nintendo a Japan), ya isa Amurka a watan Agustan shekarar a kan Super Nintendo. Tun daga lokacin an sake fitar da shi a PlayStation, da Nintendo DS (ƙaramar na'urar gem ta hannu mai allo biyu), da wayoyi, da Steam (shagon intanet na sayen gem ɗin kwamfuta). Labarin ɗaya ne a ko'ina: Crono da abokansa suna kai-komo tsakanin zamunna, daga shekara miliyan 65 kafin Miladiyya har zuwa 2300, suna neman hana wata halitta mai suna Lavos halaka duniya a 1999. Amma daɗin bugawa ba ɗaya ba ne, kuma tazarar farashin tana da faɗi sosai.

Kafin a shiga kwatance, ya kamata a san abin da ake saye. Sunayen da suka haɗu a kansa manya ne: Hironobu Sakaguchi na Final Fantasy, Yuji Horii na Dragon Quest, Akira Toriyama ya zana mutanen, Yasunori Mitsuda ya tsara mafi yawan kiɗan, Nobuo Uematsu ya ƙarasa sauran bayan rashin lafiya ta kwantar da Mitsuda. Sai dai abin da ya sa gem ɗin bai tsufa ba shi ne ba ya ɓata wa mutum lokaci. A sa'o'insa na wancan zamanin, kana cikin tafiya sai allo ya juye haka kawai ka tsinci kanka cikin faɗa. A nan kana ganin abokan gaba a fili, wasu ma ka kewaye su, in ka yi karo da su a nan inda kake tsaye za a zare takobi a gama a ci gaba. Cikin awa 20 zuwa 25 an kai ƙarshe, sannan ga New Game+ da ke ba ka damar sake farawa da ƙarfinka don neman sauran ƙarshen labarin, guda 12 a bugun asali, 13 a na DS da waɗanda suka biyo shi. Da wannan ma'aunin za a auna kowane bugu: ya bar wa gem ɗin saurinsa, ko ya ɗaure masa ƙafa?

Na PlayStation ya faɗi wannan jarrabawar, don haka a fara sallamarsa. Ya fito a Japan a 1999, a Amurka kuma a 2001 cikin kwali ɗaya da Final Fantasy IV da sunan Final Fantasy Chronicles. An ƙara masa gajerun finafinan katun masu kyau, amma da yake daga faifan CD yake karantawa, duk buɗe jerin kaya da duk shiga faɗa sai ka jira daƙiƙoƙi. A gem ɗin da za ka yi faɗa ɗaruruwa, wannan jiran yana cin rai. Finafinan kuma suna nan a DS da Steam da waya. Ba shi da abin da zai sa a neme shi, sai ga mai tara faifai.

Kaset ɗin Super Nintendo

Wannan shi ne na asali: hoto yadda aka zana shi, sauti daga ainihin na'urar da Mitsuda ya rubuta wa kiɗan, babu jira ko kaɗan. Fassararsa ta Ted Woolsey ce, wadda ta ba jarumin kwaɗon nan Frog tsohon Turanci irin na fada. Amma shi ne hanya mafi tsada da wahala, kuma kaset ɗin kansa rabin kashe kuɗin ne kawai.

Akwai kaset iri biyu. Na Japan yana da yawa a kasuwar gwanjo kuma da araha, sai dai Japananci ne zalla, gem ɗin kuwa labari ne. Na Amurka shi ne mai Turanci, shi ne mai tsada, shi ne kuma masu jabu suka fi bugawa. Ba a taɓa fitar da shi a Super Nintendo ta Turai ba, saboda haka duk wanda ya nuna maka kaset ɗin Turai ya ce na asali ne, ka riƙe kuɗinka. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ya samo na'urarsa cikin kayan Ingila ko Jamus: tana da guntun tsaro dabam, kaset ɗin Amurka ba zai tashi a kanta ba, ramin ma bai dace da shi ba.

Hanyar tantance na gaske ita ce a buɗe. Sukurori biyu ne a gaban kaset ɗin, masu kai kamar tauraro, kuma sukundirebar gamebit mai milimita 3.8 ce ke kwance su. A allon ciki na gaske za ka ga sunan Nintendo da shekara a buge, da manyan guntaye masu ƙafafu, da batir mai fikafikai biyu liƙe da dalma. Na jabu yawanci allonsa ƙarami ne, wani da ɗigon baƙin danƙo a maimakon guntu, wani da ƙananan guntaye na zamani. Wasu daga cikin waɗannan an yi su ne don volt 3.3 alhali na'urar 5 take bayarwa, kuma wannan ba alheri ba ne ga kaset ɗin ko ga na'urar. A takardar baya ta na gaske akwai lambobi biyu da aka danna suka lotsa, ana ganinsu idan an karkata shi a haske. Mai sayarwar da ya ƙi turo hoton ciki ya riga ya ba ka amsa.

Batun batir kuwa babu makawa. CR2032 ne, shi ke riƙe da ajiyar wasanka, kuma wanda aka saka a 1995 ya daɗe da wuce wa'adinsa. Alamar mutuwarsa ita ce ka adana wasa, ka kashe, ka kunna ka tarar da gurabe ukun nan wayam. A auna shi da mita: lafiyayye yana wajen volt 3. Duk mai gyaran waya da ya iya dalma zai canza shi, amma ka kai masa mai fikafikai ko gidan batir, kada ya ɗora ƙarfe mai zafi kai tsaye a kan tsuran batir, yana iya fashewa. A lura da ɓangaren tarawa da na ɗebewa kafin a liƙe. Cire tsohon yana goge duk ajiyar da ke ciki.

Sai wuta, inda aka fi yin asara. Adaftar Super Nintendo ta Amurka ta volt 120 ce, ta Japan 100, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230. Sokawa ɗaya kai tsaye ta isa ta ƙone ta. Ko dai a sa na'urar rage ƙarfin wuta a tsakani, ko a nemi adafta ta zamani da aka yi wa wannan na'urar mai karɓar 100 zuwa 240. Kuma ba kowace mai shiga rami ce daidai ba: Super Famicom tana son DC mai ɗebewa a tsakiya, ta Turai kuma AC take bayarwa, musanya su na lalata na'ura. Talabijin ma da nata rigimar. Na'urorin Amurka da Japan tsarin hoto na NTSC suke fitarwa, tsohuwar talabijin da tsarin PAL na Turai kaɗai ta sani za ta nuna baƙi da fari. Sabbin masu faɗi kuma da yawa ba sa fahimtar irin hoton, sai ya fito a dishe, ga jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsi, sai an haɗa da na'urar daidaita hoto irin RetroTINK.

Ƙaramar Super NES Classic ta 2017 ba mafita ba ce. Tana da Final Fantasy III da Secret of Mana da EarthBound, amma babu Chrono Trigger a cikinta.

Na DS

Ya fito a Japan da Amurka a Nuwamban 2008, a Turai a Fabrairun 2009, kuma shi ne mafi cika. Babu jira, finafinan suna nan, Tom Slattery ya sake fassara shi kusa da Japanancin asali (tsohon Turancin Frog ya tafi, wasu har yau ba su yafe ba). An mayar da jerin umarni da taswira allon ƙasa, filin faɗa ya zama fes. Ga mai karatun Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi, bugun Amurka da na Turai suna ɗauke da shi, abin da kaset ɗin 1995 ba shi da shi.

Ƙare-ƙaren da aka yi masa ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Lost Sanctum, wani sabon wuri da aka ƙara, aike-aike ne, hau dutse ɗaya ka sauko ka sake hawa, ya saɓa wa duk abin da gem ɗin ya ginu a kai, a tsallake shi a zagayen farko. Dimensional Vortex, da ke buɗewa bayan an gama wasan, ya fi shi, don shi ke kai wa ga babban dodo Dream Devourer da ƙarshe na 13 mai alaƙa da Chrono Cross, gem ɗin da ya biyo bayan wannan. Arena of the Ages, filin kiwon dodanni, a DS kaɗai yake, kuma rashinsa ba zai dami kowa ba. Aibinsa na gaske biyu ne: sauti bai kai na Super Nintendo tsabta ba, kuma tsayin allon ɗigo 192 ne maimakon 224.

Katin DS ba shi da shingen yanki, kuma yana tashi a DS, DS Lite, DSi, 2DS da 3DS. Ba ya buƙatar batir don ajiya. A 3DS hoton yana ɗan dishewa saboda an buɗa shi. Riƙe Start ko Select lokacin da kake kunna gem ɗin, zai fito ƙarami amma tas. Cajar bango ta Amurka ita ma ta 120 ce, mafi sauƙi a sayi wayar caji ta USB a riƙa amfani da fawa-bank, wanda ya mayar da shi bugun da ɗauke wuta ba ta shafa.

Matsalarsa jabu, kuma sun cika kasuwar intanet. Haruffa huɗun da ke tsakiyar lambar takardar gaba dole su zama su ne farkon lambar da aka buga a bayan katin. Rubutun Nintendo na baya ya zama mai tsabta, ba mai kaushi ba. Gwajin da ya fi kowane: a buga minti ashirin na farko. Gem ɗin yana da tarkon masu kwafi, kwafin da ba a gyara ba yana maƙalewa a ƙofar zamani ta farko, bayan Marle, abokiyar Crono, ta ɓace a bikin Millennial Fair, allon ya yi ta juyawa ba ya ƙarewa. Wani kuma sai a cocin shekarar 600, a kaɗa abin kiɗan cocin (organ) amma ƙofa ta ƙi buɗewa. Kati sabo fil a leda da farashin banza, araha ba ta ado.

Steam da waya

Wanda ya binciki na Steam zai ci karo da zagi mai yawa, amma ya duba kwanan wata. Ya fito a Fabrairun 2018 da hoto da aka shafe ya yi santsi, da rubutu mara kyau, da manyan maɓallai irin na waya. Square Enix, kamfanin da ya gaji Square, ya bi shi da gyare-gyare a cikin shekarar, na farko ya dawo da zaɓin hoton asali, a Maris na 2022 kuma aka ƙara faffaɗan allo da saurin faɗa mai sarrafa kansa. Yanzu bugu ne mai kyau: fassarar DS, finafinan, Lost Sanctum, Dimensional Vortex, ajiya ta kai-da-kai, da Faransanci. Farashinsa wajen dala 15 ne kuma yana yawan sauka rabi a lokutan rangwame. Ba ya son babbar kwamfuta. Abu na farko bayan saukewa: shiga saiti ka zaɓi hoton asali. A tabbatar katin banki yana biyan kuɗin waje kafin a sa rai.

Na iPhone da Android, waɗanda suka fara fitowa a 2011 da 2012, an daidaita su da na Steam tun 2018, kuma sun fi shi araha. Cikas ɗinsu yatsa a kan gilashi. Akwai wurare da dama da aka tsara don hannun gem: tseren babur da Johnny a 2300, kamun ɓeran Arris Dome, hawan Death Peak cikin iska, da wurin da za ka shigar da kalmar sirri cikin 'yan daƙiƙoƙi don ceton mahaifiyar Lucca, ɗaya daga cikin abokan Crono. Ana iya wuce su da yatsa, amma da tsaki. Hannun Bluetooth yana magance wannan, don haka a lissafa kuɗinsa cikin farashin. In babu hali, a mayar da tsarin faɗa daga Active zuwa Wait a rage saurinsa, don abokan gaba su dakata yayin da kake laluben haɗakar dabarun mutum biyu ko uku.

Ƙananan na'urorin hannu na China da ke zuwa da dubban gem a katin ƙwaƙwalwa suna buga shi, amma kwafi ne mara lasisi, kuma katin da suke zuwa da shi yakan lalace ya tafi da ajiyar mutum.

Wanda yake da 3DS ko DS a gida, kuma zai iya gwada katin kafin ya biya, na DS ne nasa. Wanda ba shi da ita kada ya sayi na'ura saboda gem ɗaya: Steam idan akwai kwamfuta, waya da hannu idan babu. Kaset ɗin 1995 na wanda ya riga ya mallaki Super Nintendo ta Amurka ne da talabijin mai karɓar NTSC, kuma ko shi ya nemi hoton allon ciki da awon batir kafin ya tura ko sisi.